Kukan Fankar Gidan Zare

Da hantsi Haj Abdulganiyyu ya faɗo ofishin 'yan sanda na garin Gadarif a Sudan, janye da wata mata, yana ta kumfar baki. Ya dangwarar da dunƙulen zare a teburin Sufeto Mijinyawa.

"Duba nan, Janabu, ranka ya daɗe! Wannan zare ne ko jelar akuya? Masu saye sun dawo mini da kaya kaf. Batoul ɗin nan ce, daga injinta yake fitowa. Mun yi cacar baki, shi ne take ramawa."

Sufeto ya ja zaren, ya tsinke ba gardama. Ga gashi buzu-buzu, ga ƙulli nan da can. Aka shigar da matar bayan kanta, kuma in ba a samu wani mai laifin ba, kotu za ta wuce.

Shi Mijinyawa ba mai gaggawar komawa gida ba ne. Iyalinsa na Masar tun farkon yaƙi, ɗaki kawai ke jiransa. Ya ɗauki hularsa ya bi Haj.

Gidan zaren wani tsohon sito ne na riɗi a bakin gari. Injinan kaɗin daga jihar Jazira Haj ya tsere da su saboda yaƙin. Ƙurar auduga ta lulluɓe komai, har da girar ma'aikata.

"Haka wurin yake kullum?"

Haj ya ce, "A'a. Ka ga bututun can na sama? Fanka ce ke zuƙo iska ta cikinsa. Iskar ke tattara silin auduga wuri guda kafin a murɗa, ita ke kwashe ƙura. In ta yi rauni, sili ya watse, ƙura ta shiga zare."

"To ko ta yi raunin?"

"Haba! Usta Eltayeb ya duba. Makanikena ne, ɗan Khartum."

Usta Eltayeb dogo ne siriri, ya cusa auduga a kunnuwa biyu. Sai da Sufeto ya maimaita tambayar.

"Na duba, Janabu. Tamam take, lafiya lau."

Sufeto ya bi layin injinan yana kanga tafin hannu a bakin kowane bututu. Na farko ya ja masa fata. Na tsakiya sama-sama. Na ƙarshe kuwa ko gashin hannunsa bai motsa ba, kuma shi ne injin Batoul.

Ya koma ofis ya sa aka fito da ita.

"Kina barin injinki?"

"Ban taɓa ba."

"Mai shayin bakin ƙofa ta ce kullum kina wurinta bayan azahar. Ƙarya take yi?"

Batoul ta sunkuyar da kai. "Motocin da ke zuwa daga garin Madani ke tsayawa a nan. Mijina nake tambaya. Tun da muka rabu a hanya ban ji ɗuriyarsa ba. Na ji tsoron Haj ya kore ni."

Tausayinta ya kama shi, amma bai nuna ba. "Me ya canza a wurin aikin kafin zare ya lalace?"

Ta ce, "Shiru. Da fankar tana wani irin kuka mai tsini, har cikin haƙori kake jinsa. Rana ɗaya muka zo, kukan ya kwanta. Mu dai daɗi muka ji."

Da la'asar Sufeto ya jingina tsani ya hau bayan fankar, wandonsa na kaki ya koma fari fat. Can ya ga marfin da ke buɗe hanyar iska an tura shi rabi, an ɗaure hannunsa da waya. Murɗin wayar tsaf-tsaf, aikin filaya ne, kuma aikin wanda ya saba.

Bai kira kowa ba. Ya warware wayar, ya buɗe marfin gaba ɗaya.

Fankar ta ɗauki kuka, siriri, yana hawa yana hawa. Ƙura ta fara tashi daga kan injina tana shigewa bututu. Ma'aikata suka ɗaga kai suna kallo. Mutum ɗaya ne bai kalla ba. Usta Eltayeb ya yar da sifana, ya faɗa ƙarƙashin benci, ya rufe kai da hannuwa.

"A kashe!" in ji Sufeto.

Ya sauko ya tsuguna gefen bencin. "Usta, kai ne."

"Ni ne." Ya ɗago kai. "Haka jirgin nan marar matuƙi ya yi kuka ranar, a unguwarmu. Na fita sayen burodi. Na dawo ba gida, ba matata Amira, ba yaran. Wallahi na sa auduga, na sa tsumma, kukan yana shiga. Na ce bari in rage kaɗan kawai."

"Ka san abin da zai yi wa zare?"

"Aikina ne. Na sani."

"Kuma ka tsaya kana kallo aka ja baiwar Allah zuwa ofishinmu?"

Nan Usta ya fashe da kuka. "Da na faɗa, da an buɗe marfin. Ban da wani wurin zuwa, Janabu."

Sufeto ya buga waya ofis ya ce a saki Batoul yanzun nan. Ankwa na aljihunsa, bai ciro ta ba. Ya kama hannun Usta ya ɗaga shi.

A bakin mota ya tambaye shi, "Wa za a sanar a gida?"

"Babu kowa."

Usta ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya dakata.

"Janabu, can inda za ku ajiye ni, akwai fanka?"

"Babu. Wutar ma sai an yi sa'a."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi, ya shiga ya zauna.