Bangon Mma Ajara

Magariba ta kawo jiki, Mma Ajara tana tsakar gida tana tsintar waken da za ta dafa na sayarwa, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinta. Na biyu ya biyo baya. Na uku ya fasa randa. Ta leƙa waje, ba kowa.

Wata biyu da suka wuce, lungun nan na unguwar Alabar bola ne, ko da rana mutum ba ya bi sai ya toshe hanci. Iddi mai fenti ne ya roƙe ta bangon gidanta. Maƙwabta suka kwashe shara, shi kuma ya shiga zana masu koko, da 'yan goro, da tela kan kekensa. Aka sa fitila, aka kawo benci. Mutanen da suka shekara ba sa gaisawa suka koma hira a wurin.

Kwana uku ana jifa, kullum daidai kiran salla. Benci ya koma wayam, Iddi ya ajiye burushinsa. A na huɗu Zuleha, 'yarta tilo, ta dawo daga ɗebo ruwa, ta tsaya ƙiƙam da bokiti a ka.

"Zuleha, sauke mana."

Muryar da ta amsa ta wani tsoho ce. "Ku goge."

Ajara ta yi kururuwa. Maƙwabta ne suka kirawo Malam Abdulmumini, mai ruƙiyya. Ya zauna kan buzu, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta fara birgima.

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci. Shekara arba'in ina bolar nan da iyalina. Kun kwashe, kun haska, kun cika mini gida da dariya. Wa ya tambaye ni?"

"Ba mu san da kai ba. Ka yi haƙuri. Amma yarinyar me ta yi maka?"

"A goge bangon, a maido shara, in sake ta."

"A goge, Malam!" in ji Ajara tana kuka. "Ni 'yata nake so."

Malam bai waiwayo ba. "In kika ba shi bango yau, Mma, gobe ɗakinki zai nema." Ya ɗaga murya da karatu. Zuleha ta ƙwalla ƙara.

"To, a yanka mini baƙin bunsuru!"

"Ba a yanka wa kowa sai Allah."

Malam ya ci gaba da karatu. Da muryar ta dawo, ta yi laushi. "Ina da 'ya'ya ƙanana. A bar ni in kwashe su."

"Na ba ka zuwa isha'i. Ka rantse ba za ka dawo ba."

Aljanin ya rantse. Zuleha ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce, "Mma, ƙishirwa."

Da safe matan unguwa suka zo da bokitin farar ƙasa don shafe zanen, suna jiran abin da Ajara za ta ce. Ajara ta daɗe tana duban bangon, hannunta riƙe da na Zuleha.

"Ku mayar," ta ce. "A kira mini Iddi. Mai kokon nan da ya zana, har yanzu hannunta ɗaya."