Motar da Anka Ɗumama

Bari in ba ku labarin wata yarinya 'yar aji shida a Bukkuyum. Ba zan faɗi sunanta ba, don in ta ji sai ta yi sati ba ta gaishe ni ba. Yarinyar akwai ƙoƙari a makaranta. Matsalarta guda ce, in anka yabe ta, to bakinta ba ya tsayawa.

Babanta Malam Sanda manomi ne. Shekara biyu shina tara kuɗin shinkafa, ya haɗa da na bijimai biyu da ya saida. So yake ya sai mota, ya riƙa ɗaukar fasinja zuwa Gummi ran kasuwa. Abin da ya mallaka ke nan kaf. In motar ta zam ruɓaɓɓa, shi ke nan, babu bijimai, babu mota.

Kafin su tahi, ya je wurin Abdussalam bakanike. Abdussalam ya ce mashi, "Malam, fenti ba shi ne mota ba. Ka je da sassafe, inji na da sanyi, ka tada ta da hannunka. Inji mai ciwo ba ya iya ɓoye ciwonshi da sanyi. Amma kada ka bari su san lokacin da za ka zo."

Ran Asabar sunka hau mota sai Gummi. Baban ya tahi da yarinyar don ita ta iya karanta takardun Turanci.

A hanya ya ce mata, "Karatu za ki yi min. Maganar gida kuma ta tsaya gida. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Wurin saida motocin wani fili ne mai rumfar kwano. Dillalin sunanshi Alhaji Shitu. Ya tarbe su da dariya kamar ya shekara goma da sanin su.

"Maraba da manyan baƙi. Wanga ɗiyarka ce? Kai, daga gani likita ce."

Ya nuna masu wata jar mota tana ta walƙiya.

"'Yar Kwatano ce, jiya jiya ta sauka. Wata tsohuwar Baturiya ke da ita, kasuwa kaɗai take zuwa da ita."

Malam Sanda ya matsa kusa. Ya zagaya motar, ya duba tayu, ya ce bari ya je masallaci ya yi La'asar. Ya bar yarinyar a rumfa tana duba takardu.

Shina fita, Alhaji Shitu ya kawo mata lemun kwalba mai sanyi. Ya buɗe mata motar ya ce ta zauna ta ji laushin kujera.

"Likita, ke ce ta ɗaya a ajinku ko?"

"Ta biyu. Amma ni ce ta ɗaya a lissafi."

"Ai na sani. To Babanki fa, motar ta yi mashi?"

"Ta yi mashi sosai. Shi dai ba ya nunawa ne. Har bijimanshi ya saida."

"Allah Sarki. To mi ya hana ya saya yau?"

"Gobe zai dawo da ƙarfe bakwai. Bakanike ya ce ya tada ta inji na da sanyi."

Alhaji Shitu ya yi murmushi ya ce, "Dabara mai kyau." Ita kuma ta ci gaba da shan lemunta, tana jin ta burge babban mutum.

Sunka kwana gidan Gwaggo Bilki, ƙanwar babanta. Washegari bakwai daidai suna filin. An wanke motar tas, ruwa na ta ɗiga daga jikinta.

Alhaji Shitu ya miƙa makulli. "Bismilla, Malam. Tun jiya ba wanda ya taɓa ta."

Malam Sanda ya murɗa. Bugu ɗaya motar ta tashi, ƙararta lafiya lau. Ya kashe, ya fito, fuskarshi ta saki.

Nan take Alhaji Shitu ya canza murya. Farashin da ya faɗa jiya ya ce ai ba haka ba ne, mai motar ya bugo waya ya ƙara.

"Kuma wani Alhaji na hanya daga Anka da kuɗinshi a hannu. Don dai kai ne. In kana so, ka aje kafin alƙalami yanzu, in sallame shi."

Malam Sanda ya sa hannu aljihu. Ya ce wa ɗiyarshi ta kawo biro a rubuta takarda.

Garin sauri biron ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin motar. Ta duƙa ta ɗauko. Sai ta ji wani hucin zafi ya daki fuskarta, irin na murhun Inna in an gama tuwo. Ta tsaya. Baba ko minti guda bai yi da tada motar ba. Ina wanga zafi ya fito?

Sai ta gane. An riga an tada motar tun da asuba, an ɗumama ta, an watsa mata ruwa a sama. Kuma ita ce ta faɗi lokacin.

In ta yi shiru, ba wanda zai san abin da ta yi. Amma Baba zai ba da kuɗin shekara biyu. In ta yi magana, zai san ta karya mashi umarni.

Ta miƙe.

"Baba, kada ka ba shi."

"Mi kinka ce?"

"Motar da zafi a ƙasa. An tada ta kafin mu zo. Ni na gaya mashi za ka zo bakwai. Na gaya mashi zancen bijimai ma. Ka yi haƙuri, Baba."

Alhaji Shitu ya yi wata dariya. "Malam, yanzu yarinya za ka biyewa? Zafin rana ne."

Malam Sanda ya ce, "Rana da ƙarfe bakwai, Alhaji? A ƙarƙashin mota?"

Malam Sanda ya duƙa ya kai hannu kusa da injin, ya janye da sauri. Ya kalli ɗiyarshi.

Ya ɗora makullin a kan motar inda kowa ke gani. Ya shimfiɗa rawaninshi a gindin wani icen dogon yaro.

"Za mu jira ta huce."

"Malam, ni ɗan kasuwa ne, ba ni da lokacin wasa. In ba ka da kuɗin mota, ga masu saida keke can bakin tasha."

"To. In ta huce na ji."

Sunka zauna. Ƙarfe tara ta yi, goma ta yi. Ko karin kumallo ba su yi ba. Yunwa ta fara cin yarinyar, ga ƙishi, amma kunya ta hana ta magana. Alhaji Shitu sai kai da komo yake da waya a kunne, shina cewa, "Kun iso ina? To, ku yi sauri." Alhajin Anka dai har yanzu bai iso ba.

Can Alhaji Shitu ya zo da lemu biyu. "Likita, sha mana."

"Na gode, na ƙoshi."

Ya koma wurin baban ya rage farashi. An jima ya sake ragewa. Malam Sanda carbi kawai yake ja.

Da lokacin Azahar ya yi, baban ya ce, "Zan je salla. Za ki iya tsare makullin nan?"

"Zan iya, Baba."

Ta je ta tsaya jikin motar. Alhaji Shitu ya ce ta koma inuwa mana, ta ce nan ma ya yi. Ya tambaye ta sunan makarantarsu, ta ce ya bari Baba ya dawo. Ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Baban ya dawo, ya taɓa injin, ya ji ya huce. Ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Sai a karo na biyar ta tashi, tana ƙwanƙwasa kamar ana dakan gero. Wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, har masu shayi na gefe sunka tashi suna tari suna dariya.

Malam Sanda ya kashe ta, ya miƙa wa Alhaji Shitu makullinshi.

"A gaida Baturiya," ya ce.

A tasha ya sai masu waina da miya. Yarinyar ta kasa ci, hawaye na zuba.

"Baba, saura kaɗan in jawo maka hasara."

"Awo, saura kaɗan. Kin yi laifi jiya, kuma kin sha rana a kanshi yau. Amma da kin yi shiru da safe, da yanzu mun sai wahala da kuɗinmu. Ci abincinki."

Bayan sati uku sunka je Anka tare da Abdussalam bakanike. Can sunka samu wani dillali da ya ce su zo duk lokacin da sunka ga dama, ga makulli nan. Motar fara ce, fentinta ma ya ɗan koɗe. Yarinyar ta karanta takardun layi layi, lambar inji ta yi daidai da ta takarda. Sannan Baba ya biya.

To kun ji. In mai saida kaya ya cika yabonka da yi maka tambayoyi, ka riƙe bakinka, ba duk mai yi maka dariya ke son ka da alheri ba. In shina gaggauta ka, kai kuma ka natsu. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da wuri tun ana iya gyarawa.

Farar motar nan shekararta guda ke nan a hanyar Gummi. Har yau ba a taɓa tura ta ba.