Hannu a Tagar Jirgi

"Auta, don girman Allah ki sauke kyamarar nan ki dube ni!"

"Jirgi ya kusa..."

"Ya zo ɗin mana! Jiya ya zo, gobe ma zai zo. Ni ne na kusa daina zuwa."

Sai a lokacin ta sauke kyamarar daga fuskarta, amma ba ta yarda ta kalle shi ba. Ta san in ta kalle shi kuka za ta yi.

Suna tsaye ne a kan ɗan tudun da ke bayan unguwarsu, daidai inda layin dogo ya yi kwana, inda kowane jirgin ƙasa kan rage gudu kafin ya miƙe. A nan suka fara haɗuwa, kuma da faɗa suka fara. Ya shigar mata da ƙeyarsa cikin hoto, ta wanke shi tas, shi kuwa ya tsaya yana dariya da tasa kyamarar a wuya. Makaniken jiragen sama ne, har kowa Makanike yake kiransa, amma in ya tashi daga aiki ba shi da abin yi sai bin jiragen ƙasa da tsuntsaye yana ɗauka. Mutanen unguwa cewa suke yi Allah ne ya haɗa mahaukata biyu.

"Sun ce wannan karon babu ɗaga ƙafa," in ji Makanike. "Ko in koma sabon filin jirgin saman da suka buɗe a can wani gari mai nisa, ko in ajiye musu aikinsu. Kin san Umma da ƙannena ni suke kallo."

"Na sani."

"To ki bi ni, rabin raina. Mu yi aurenmu mu tafi, har da Baba. Wallahi da hannuna zan riƙa yi masa wanka!"

"Ka manta abin da ya faru a gidan Yaya?"

Bai manta ba. Ai da shi aka yi neman Baba.

Baba, mahaifin Auta, tsohon direban jirgin ƙasa ne. Shi ya fara ɗora wa Auta kyamara a hannu tun ba ta kai ta riƙe ta da kyau ba, shi ya kafa mata doka: ido a kan jirgi, kuma duk hoton da mutum ya shiga ya ɓaci, a goge. Bayan rasuwar mahaifiyarta ciwon mantuwa ya kama shi, ya riƙa kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga Auta sai ɗakinsa sai ƙarar jirgin yamma. Da Yaya, babban wanta, ya ɗauke shi ya kai shi gidansa don Auta ta huta, sai Baba ya ƙi ci ya ƙi sha. Rannan aka wayi gari babu shi. A bakin babban titi aka tsince shi, ƙafa duk jini, yana tambayar masu wucewa inda aka kai layin dogo.

Tun daga ranar likita ya ce kar a sake raba shi da ɗakinsa.

"To mu yi auren ki zauna," Makanike ya ce. "Ko kuma in jira ki. Ni da na iya kwana a tsaye don tsuntsu ɗaya? Jira ai sana'armu ce."

"Ka jira har yaushe?"

"Har... har Allah ya kawo sauƙi."

"Faɗi dai! Har Baba ya mutu, ko?" Hawayen da take tarewa suka ɓalle. "Jirgi muna jiransa ne don mun san zai zo, muna kuma so ya zo. So kake in riƙa ba mahaifina magani da safe, zuciyata tana leƙen hanya? Duk tarin da zai yi in ji wani abu ya motsa a raina? Wallahi ba zan iya ba... tsanar kaina zan yi, daga baya in tsane ka."

Ya juya ya ƙura wa layin dogo ido. Da wani ne ya cuce su da sun sami wanda za su zaga su ji sanyi. To wa za su zaga?

Jiniyar jirgi ta taso daga nesa. Kafin Auta ta ankara, hannunta ya riga ya ɗaga kyamarar. Kan jirgin na isowa ƙarfen alamar da ke bakin kwana ta danna, nan take ta sunkuyar da kai tana duba ɗan allon bayan kyamarar, taragai na ta wucewa a gabanta.

Makanike ya yi dariya mai ciwo.

"Har yau kin ƙi barin halin nan. Sau nawa zan faɗa miki ki daina duba allo sai jirgi ya gama wucewa? Rabin jirgi a bayan idonki yake wucewa kullum."

"Baba kan jirgi yake son gani."

"Ni kuwa ko sau ɗaya ba ki taɓa ɗaukata ba."

"Kai jirgi ne?"

Haka ta saba ba shi amsa, su yi dariya. Yau babu wanda ya dara. Gaskiya ce kuwa: tana da hotunan jirage da gajimare da tsuntsaye ba iyaka, har da na tukunyar shayi tana tururi, amma na mutumin da take so ko ɗaya babu. Kullum yana gefenta, me za ta yi da hotonsa?

Ana gobe zai tafi ya zo yi wa Baba sallama. Ya tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, hularsa ta aiki a kan gwiwa, bango cike da hotunan jirage har sun dusashe. Auta na durƙushe tana shafa masa mai a ƙafa.

"Baba, barka da hutawa."

Baba ya ƙura masa ido, ya riƙo hannun Auta gam.

"Auta, wane ne wannan?"

"Makanike ne, Baba. Wanda ya gyara maka rediyo."

"Bai zo ɗaukata ba dai?"

"A'a, Baba. Babu mai ɗaukarka."

"To madalla. Yaro, ka gaida gida."

Makanike ya fita da sauri don kar tsohon ya ga idonsa. Ta bi shi har bakin ƙofa, suka tsaya kamar baƙi.

"Kar ki zo tasha," ya ce. "Ga Umma, ga yara, ga kaya, ba zan iya riƙe kaina a gabansu ba. Jirgin yamma za mu bi. Ki tsaya a tudunmu, zan zauna a taga ta ɓangarenki."

"Zan ɗauke ka," ta ce. "Wannan karon kai zan ɗauka."

"In ya ƙi fita ai sai in turo miki wani."

"A'a! Kar ka turo, kar ka kira. In na ji muryarka zan fara jira, kuma na faɗa maka abin da jiran yake nufi. Ɗaya nake so, wanda na ɗauka da hannuna. Shi ke nan rabona."

"Autata..."

"Tafi, don Allah. Tafi tun ƙafata tana ɗaukata."

Washegari ta roƙi maƙwabciyarsu ta zauna da Baba, ta hau tudu tun rana da sauranta. Ta goge gilashin kyamarar, ta sake gogewa. Ta saita ta a daidai tsayin tagogi, ta gwada a kan wani reshe, ta gyara. Hasken ranar ma kamar an roƙa, mai laushi, irin wanda kan sa fuskar mutum ta fito da kyau. Tana ta nanata wa kanta kamar mai haddar karatu: ba kan jirgi ba, taga. Ba kan jirgi ba, taga.

Jiniya ta taso.

Idonta ya cika da ruwa. Duk abin da ta haddace ya gudu ya bar ta. Sai hannunta ya yi abin da aka koya masa tun tana yarinya. Kan jirgin ya iso ƙarfen alama, ta danna, ta sunkuyar da kai kan allo.

"Autaaa!"

Muryarsa ce, ta ratso ƙarar ƙarafa ta same ta kai a ƙasa.

Ta ɗago a firgice. Taragonsa ya riga ya gota ta, ya shiga kwana. Ba ta ga fuskarsa ba. Hannu kawai ta hango a waje da taga yana ɗagawa, yana ƙara nisa. Ta ɗaga kyamarar ta danna ba saiti, ta ruga a guje har takalminta ya cire.

"Tsaya! Ban gan ka ba! Wallahi ban gan ka ba..."

Wa zai ji ta? Ita ce 'yar direba, ta fi kowa sanin jirgi ba ya tsayawa don kukan wani.

Ta zube a kan ciyawa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ya sha faɗa mata ta daina duba allo, da wasa da gaske, ta mayar da shi abin dariya. Wayarta na cikin jaka, lambarsa na ciki, dannawa ɗaya ce. Ta ciro ta, ta riƙe har tafin hannunta ya yi gumi. Sai ta tuna da hannun Baba da ya riƙe ta gam, ta mayar da ita. Ta nemo takalminta ta nufi gida, don lokacin maganinsa ya yi.

Ta wanke fuska kafin ta shiga ɗakin. Baba na ganinta ya washe baki ya miƙo hannu, yadda ya saba kowace yamma.

"Kawo mu gani. Na ji shi ya wuce, yau direban ya iya shan kwana."

Ta durƙusa a gefensa ta nuna masa allon. Kan jirgin ya fito ras, rana ta kwanta a goshinsa, har lambar jikinsa ana karantawa. Ba ta taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba, kuma ba ta taɓa tsanar hoto kamarsa ba.

"Kai! Wannan ya fita, Auta. Hannunki ya nuna, Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Yatsansa ya taɓa maɓalli, hoto na gaba ya fito. Dishi-dishi ne, a karkace, taragai sun narke cikin juna. Can a gefe ga wani ɗan abu mai kama da hannu a waje da taga. Baba ya matso da allon kusa da idonsa, ya yamutsa fuska.

"Ash! Wannan kuma ya ɓaci. Hannun wani ya shiga. Goge shi."

Tun da take ba ta taɓa yi wa dokar nan gardama ba. Ta zare kyamarar daga hannunsa a hankali, ta rungume ta a ƙirji, ta kifa kanta a kan gwiwarsa.

"Bar mini wannan, Baba... shi kaɗai gare ni."

Baba bai gane ba. Ya ɗora hannu a kanta yana shafawa, yana kallon taga.

"To daina kuka, Auta. Ai gobe ma zai zo."