Akwatin Garmahon Tsoho Rifat

Rana na gab da faɗuwa bayan gonakin tuffa na Shepparton, Besim ya ajiye burushi, ya ja da baya yana kallon akwatin garmahon mahaifinsa. Shekara talatin yana gyaran irin waɗannan akwatuna, ya kuma san ƙa'idar sana'ar sarai: tsohon katako ƙaron shelak ake goga masa da tsumma, a bi da kakin zuma, a bar bayansa tsirara ya sha iska. Amma mahaifin nasa, marigayi Rifat, har ya koma ga Allah, bai taɓa ce masa sannu da aiki ba. Da wannan haushin ya sa samfefa ya kankare shafen tsohon tas, ya malala banish, man sheƙi na roba mai toshe katako, ciki da waje, har baya.

"Sai ka taso ka ce ban iya ba," in ji shi, kamar tsohon yana jin sa.

Ana idar da magariba tuffa ta fara sauka a kan kwanon gidan. Tim. Tim. Babu iska, babu kowa a gona. Can sai aka ji garmaho yana nishi, alhali ko faifai babu a kansa. A kicin kuwa 'yarsa Teuta ta saki faranti, ta dafe ƙirji, numfashinta yana fita da ƙyar kamar an toshe mata hanci da danƙo.

Asibiti suka duba, ba su ga komai ba. Kowace magariba abin sai ya ƙaru. Rana ta uku matarsa Hava ta tsaya a ƙofar shagonsa, idonta jajir.

"Wallahi in yarinyar nan ta mutu, kai da akwatinka rami ɗaya zan sa ku!"

Ta tafi da kanta ta ɗauko Hoja Sabri, tsohon limaminsu. Hoja ya zauna, ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit. Sai bakin Teuta ya buɗe, murya ta fito, ta wata tsohuwa mai faɗa.

"Ina mai burushin? Matso, shashasha!"

"Baiwar Allah, wace ce ke?" in ji Hoja.

"Mai gidan da aka liƙe! Tun itacen nan yana tsaye a daji nake cikinsa. Rifat ba ya taɓa shi sai ya yi sallama, kuma ya bar mini ƙofa ta baya. Wannan ɗan nasa ya rufe ni kamar gawa. Yadda ban sha iska ba, 'yarsa ma ba za ta sha ba."

"Yarinya ba ta riƙe burushi ba. Ki ji tsoron Allah. Me kike so?"

"A mayar da shafen Rifat."

Besim ya daka tsawa: "Ya zama ƙura! Na share, na zubar!"

"To buɗe mini in fita. Gidan da babu hannunsa ba na zama."

Besim ya wawuri kurfin sassaƙa ya afka wa bayan akwatin, banish yana ɓarewa, yatsunsa suna jini. Da farin katako ya bayyana, sai muryar ta lafa.

"Ga ajiyarka, ba zan tafi da kayan wani ba. Kullum in Rifat yana goge akwatin nan, ga abin da yake faɗa mini."

Muryar ta sauya. Ta Rifat ce sak, har da tarin tabarsa.

"Yaron nan hannunsa ya fi nawa. Kada dai ya ji, kansa zai kumbura."

Labule ya motsa. Teuta ta ja dogon numfashi, ta fashe da kuka, Hava ta rungume ta.

Besim yana durƙushe, kurfin na hannunsa. Ya shafa gefen murfin, inda shatin babban yatsan tsohon ya shekara hamsin a cikin ƙaro. Wajen sumul yake.

"Baba," ya ce, "da ka faɗa mini, me zai ci ka?"