Fasinjan da Ya Yarda da Abarshi

Tun da Abarshi ɗan kabu-kabu ya fara cewa wasu mutane na ɓoye suna sauraron duk Konni ta dogayen ƙarafan rezo na wayar salula, abokan fadarsu suka daina ajiye masa kofin shayi. Matarsa Kubura ma, da ya ɗauko zancen sai ta tuna da tukunya a kan wuta.

Ran nan da almuru, a hanyar Tsarnawa, wani mai farar riga ya tsayar da shi. Ya hau baya, babur bai ko lotsa ba.

Da suka zo daidai wani ƙarfe mai jar fitila, Abarshi ya kasa shiru. "Ka ga wanga? Kunnensu ne."

"Gaskiyarka," in ji fasinjan. "Kai kaɗai ka gane."

Shekara biyu rabon da wani ya ce masa haka. Sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya yi ta zuba, mutumin yana ƙarasa masa magana tun bai kai ƙarshe ba. Numfashinsa a ƙeyar Abarshi sanyi kamar ruwan randa.

"Shi ya sa ka binne wayarka ƙarƙashin turmi," in ji mutumin. "Har Kubura kana zargi."

Abarshi bai taɓa gaya wa kowa wannan ba. Ya duba madubi. Ba kowa a bayansa, hanya ce kawai, sai duhun gonakin gero.

"Malam, kai wane ne?"

"Ba kai ka ce ana sauraronka ba?" muryar ta ce, dab da kunnensa. "Kowa ya gaji da kai. Ni ban gaji ba."