Rawar Marlene da Duane

"Mama, ki cire wurin faɗuwar nan daga rawar. Roƙonki nake."

Marlene ba ta ɗago ba, tana ta shafa man zafi a gwiwa. Ta bayan labule ana jin hayaniyar mutanen garin, sun cika ɗakin taron coci maƙil don kallon tsofaffin 'yan rawarsu.

"Kristin, tun ba a haife ki ba nake faɗuwa da baya, babanki yana tare ni."

"A lokacin hannunsa ba ya karkarwa. Da safen nan kofin shayi ya gagare shi..." Muryar 'yar tata ta karye. "Ƙugun ƙarfe ne a jikinki, Mama. In kika kufce masa, sai keken guragu."

Gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Amma Marlene ta san mijinta. Ciwo ya raba Duane da tuƙi, ya raba shi da rubutu, bawan Allah bai ce uffan ba. Ranar da aka ce ya bar rawa kuwa, wuni ya yi a gareji ya ƙi cin abinci.

"Ai ba da ka nake faɗuwa ba," ta ce. "Mu ba kiɗa muke bi ba. In ya shirya zai ja numfashi da ƙarfi a bayana, sannan in saki jiki."

"In kunyar jama'a ta sa ya ja, alhali bai shirya ba fa?"

Aka ɗaga labule.

Marlene da Duane suka fito ba takalmi, furfura fari fat, suna juyi a hankali har suka iso wurin faɗuwar. Ta ba shi baya, ta ware hannuwa. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

Ba ta ji ya ja numfashin ba. Ɗakin ya yi tsit.

Can ta ji raɗar Duane a bayan kunnenta. "Yarinyata... ba zan iya ba."

Tunda ta aure shi ba ta taɓa jin wannan maganar a bakinsa ba. Sai ta ja da baya, taku kaɗan, har gadon bayanta ya taɓa ƙirjinsa.

"To kai jingina da ni, masoyi."

Ya saki nauyinsa a kanta. Ta fara tafiya da shi, tana cije leɓe. A tsakiyar dandamali ƙafar ta nemi lanƙwashewa, sai ta ji nauyin ya ragu.

Kristin ce ta shigo ƙarƙashin kafaɗar ubanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ban iya rawa ba, Mama," ta raɗa.

"Taka kawai, 'yata."

Mutanen garin suka miƙe tsaye, layi bayan layi. Duane yana kuka a fili tsakanin matarsa da 'yarsa, kuma ba wanda ya kau da kai.