Hannun da Ke Ƙarƙashin Birki

Wata Asabar da yamma Misbahu ya baro Aujara, inda ya kai 'yarsa Zinariya hutu wajen kakarta, ya kama hanyar komawa Dutse shi kaɗai. Ma'aikacin ofis ne, kuma bai daɗe da sayen 'yar motarsa ta hannu ba, yana ji da ita kamar me. Rana ta yi ja, gero ya yi tsayi a gefen titi, ana dab da kiran magariba.

Yana cikin tafiya sai ya ji ƙauri kamar ana ƙona roba. Ya gangara ya tsaya kusa da wani ƙaton suri. Birkin tayar gaba ne ya riƙe, ƙarfen ya yi zafin da hannu ba ya iya kusantarsa. Ya ɗauko jarka a but ɗin motar ya kwarara wa ƙarfen ruwa. Ruwan ya ce cuuu, tururi ya tashi, sauran ya gangara yana tafasa ya shige wani rami a gindin surin.

To, duk wanda ya tashi a karkarar nan ya san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa da magariba sai an yi bismillah, an nemi gafarar waɗanda ido ba ya gani. Misbahu ya sani sarai, ya sha ranƙwashi a kan haka yana yaro. Amma ranar ko a jikinsa, hankalinsa yana kan taya.

Daga cikin ramin wani siririn kuka ya fito, irin na jaririn da aka tsikara. Ya yi sau ɗaya ya ɗauke.

"Ɗan akuya ne," in ji Misbahu. Ya waiga, babu akuya babu makiyayi. Ya shiga mota ya ja.

Daga ranar birkin motar ya canza hali. Yau lafiya ƙalau, gobe lafiya ƙalau, jibi yana takawa sai wata fitila ruwan ɗorawa mai rubutun ABS ta kama a gabansa, abin takawar ya ƙame ya riƙa ture masa ƙafa yana gurnani, motar kuma ta ci gaba da tafiyarta. Saura ƙiris ya niƙe wani mai adaidaita a bakin kasuwa. Ya kai ta garejin Ɗanmusa, makaniken da ya fi yarda da shi. Aka kwance tayoyi, aka canza man birki, aka jona mata kwamfuta. Babu abin da aka gani.

"Yallaɓai, motar nan ƙalau take," in ji Ɗanmusa yana goge hannu. "Waɗannan na'urorin Turawa ne, ba su saba da rairayinmu ba. Fitilar ce ke tsorata ka."

Ya yanko baƙin salatif ya liƙe fitilar. Kai jama'a, wai shi ke nan an yi gyara! Shi kuma Misbahu, da yake abin da yake so ya ji ke nan, ya yi godiya ya tafi.

Da hutu ya ƙare ya koma Aujara ɗauko Zinariya. 'Yar shekara biyar ce, ita kaɗai Allah ya ba su shi da matarsa Fiddausi, bayan dogon jira. Hira ta ja, har inuwa ta miƙe.

"Ku kwana mana," in ji mahaifiyarsa. "Wa ke ɗaukar yarinya ya hau hanya da almuru?"

"Inna, gobe akwai aiki. Yanzu za mu isa."

Tsohuwar ta tofa wa jikarta addu'a a ka.

Zinariya ta zauna a gaba kusa da shi, tana cin gyaɗa tana ba shi labarin kajin kakarta. Suka wuce gonaki, suka wuce wata rugar Fulani. Sama ta yi duhu-duhu. Daga nesa ya hango surin nan, sai ya ƙara taka totur don su wuce da sauri.

Suna giftawa ƙaurin ya dawo. Wannan karon ba na roba ba ne. Ƙaurin fata ne.

Zinariya ta ajiye gyaɗarta.

Cikin motar ya yi sanyi, irin sanyin bakin rijiya. Kujerar baya ta yi ƙara a hankali, kamar wani ya zauna. Misbahu bai duba madubi ba. Wallahi ya kasa.

Fitilar da aka liƙe ta kama. Haskenta ya ratso salatif ɗin kamar babu shi.

Can gaba ya ga ganyaye a jere a kan kwalta, alamar mota ta lalace. Bayansu kuwa tirela ce tsaye a tsakiyar hanya, babu fitila ko ɗaya, ta cika titin.

Ya taka birki.

Birkin ya ture shi.

Ya ƙara takawa da ƙarfi. Wani abu ya riƙa motsi a ƙarƙashin takalminsa, yana karkarwa, yana mutsu-mutsu. Motar ko rage gudu ba ta yi ba.

"Abba," in ji Zinariya cikin raɗa. "Kana taka mata hannu."

"Wa?"

"Yarinyar. Tana kuka, Abba."

Ya sunkuyar da ido. A hasken fitilar nan ya ga hannu, ɗan ƙarami kamar na Zinariya, ya riƙe ƙarfen birkin ta ƙasa. Fatar ta saluɓe, duk ƙuna.

Numfashi ya sauka a bayan kunnensa, mai sanyi. Muryar mace ce, a hankali, babu faɗa a cikinta, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

"Taka mana. Ai ka saba."

Tirelar tana ƙara girma a gilashi.

"Don Allah," in ji Misbahu. "'Yata ba ta yi muku komai ba."

"Tawa fa? Me ta yi maka?"

Duk jikinsa yana ce masa ya danne birkin da iyakar ƙarfinsa, ko me ke ƙarƙashi ya karye. Ya dubi Zinariya. Ba tirelar take kallo ba, ɗan hannun take kallo, hawaye na zubo mata.

Ya ɗage ƙafarsa.

"Na yi laifi. Na zuba ban yi bismillah ba. Ku yafe mini."



Ya yi salati, ya fizgi birkin hannu, ya murɗa sitiyari hagu. Motar ta yi kururuwa, ta wuce gindin tirelar har madubin gefe ya fita, ta faɗa gonar gero. Karare suka riƙa dukan gilashi. Tayoyi suka nutse a rairayi, injin ya mutu.

Sai ya ji an buɗe ƙofar baya. An rufe ta a hankali.

Ya rungume Zinariya yana laluba kanta, hannuwanta, ƙafafunta. Ko ƙwarzane babu. Misbahu, ƙato da gemunsa, ya fashe da kuka kamar yaro, har direban tirelar da mutanen ƙauye suka iso da tocila.

Washegari aka jawo motar zuwa Dutse. Ɗanmusa ya ce a bar masa ita ya nemo mai saye, Misbahu ya ce ba zai miƙa wa wani bawan Allah wannan masifa ba. Ya sa aka cire batir, aka ɗora ta a kan duwatsu a bayan gida. Ya yi sadaka, ya sa malamai suka yi addu'a, ya koma hawa adaidaita zuwa ofis. Hankalinsa ya fara kwanciya.

Sai wata magariba Fiddausi ta nemi man kaɗanyarta ta rasa, ta nemi Zinariya ita ma ta rasa. Misbahu ya zagaya bayan gida. Ƙofar direba a buɗe take. Yarinyar tana durƙushe a wajen birki, tana shafa man a hankali a kan abin da shi ba ya gani.

"Zinariya! Me kike yi a nan?"

Ta waigo tana murmushi.

"Hannunta ya kusa warkewa, Abba. Mamarta ta ce ta yafe maka. Ta ce in ya warke za su tafi da ni in zauna a gidansu."